Wa Ya Kafa Kolkata? Tarihin Wani Birnin Indiya a Hannun Marubuta da Yawa

1.0 Gabatarwa

A cikin watan Janairu na shekarar 2001 an yi abubuwa biyu waɗanda a lokacin babu abin da ya haɗa su. Na farko, hukumomin Indiya sun sauya sunan birnin Calcutta ya koma Kolkata, domin ya dace da yadda masu magana da harshen Bengali suke furta shi. Na biyu, a ranar 15 ga watan, Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe Wikipedia, wato kundin sani na intanet wanda kowa yake da damar yin rubutu a cikinsa, da kuma gyara abin da wani ya rubuta. Daga baya abubuwan biyu sun haɗu, domin duk wanda ya zauna zai rubuta bayanin Kolkata a irin wannan kundi, tun da wuri zai ci karo da wata tambaya mai nauyi: wane ne ya kafa wannan birni, kuma yaushe?

Manufar wannan maƙala ita ce kawo tarihin birnin a taƙaice, da nazarin wurare biyu da masana suka yi saɓani a kansu, sa'annan a duba hanyar da marubuta masu yawa, waɗanda galibi ba su ma san juna ba, suke bi har su amince da jimla guda. A ƙarshe za a nuna cewa babban ɓangaren wannan aiki ya rataya ne a kan zaɓen kalmomi, abin da ya shafi ɗalibin harshe kai tsaye.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Birnin

Kolkata tana gaɓar gabas ta kogin Hugli, wanda reshe ne na kogin Ganjis, a yankin Bengal. A ƙarni na 17 akwai ƙauyuka uku a wurin: Sutanuti da Kalikata da Gobindapur. Mazaunansu sun haɗa da masaƙa da masunta da fatake, kuma akwai kasuwar zare da tufafi a Sutanuti. Yankin yana ƙarƙashin Daular Mugal, amma iyalin Sabarna Roy Choudhury ne suke riƙe da ƙasar, suna karɓar haraji a madadin daular. Sunan Kalikata ya fito a cikin Ain-i-Akbari, littafin da Abul Fazl ya tsara a ƙarshen ƙarni na 16 game da mulkin Sarki Akbar, a jerin wuraren da suke biyan haraji.

A ranar 24 ga Agusta 1690 wani wakilin Kamfanin Ingila na Gabashin Indiya mai suna Job Charnock ya sauka a Sutanuti ya kafa zangon ciniki, bayan kamfanin ya sasanta rikicinsa da Mugal. Wurin ya dace da buƙatarsa: kogin yana da zurfin da jiragen ruwa za su shigo, ya kuma kare zangon ta yamma, fadamun ruwan gishiri sun kare shi ta gabas. Charnock bai daɗe ba, ya rasu a 1693. A 1698 kamfanin ya sayi haƙƙin karɓar harajin ƙauyukan uku daga iyalin Sabarna, ya kuma ci gaba da gina sansanin da aka sa wa suna Fort William.

A watan Yuni 1756 Siraj ud-Daula, sarkin Bengal, ya kawo yaƙi ya ƙwace sansanin, ya sauya wa garin suna zuwa Alinagar. Robert Clive ya sake karɓe garin a Janairu 1757, ya kuma ci sarkin da yaƙi a Falasi ranar 23 ga Yuni na shekarar. Daga nan kamfanin ciniki ya rikiɗe ya zama mai mulki. An tashi mutanen Gobindapur aka gina sabon sansani a filinsu. Daga 1772 birnin ya zama cibiyar mulkin Turawan Ingila a Indiya, har zuwa 1911 lokacin da aka ba da sanarwar mayar da babban birni zuwa Delhi. A tsakanin waɗannan shekaru aka buɗe Jami'ar Calcutta a 1857, aka kuma haifi marubuci Rabindranath Tagore a birnin a 1861, wanda ya sami kyautar Nobel a fannin adabi a 1913. Birnin ya ga wahalhalu: yunwar Bengal ta 1943, da tarzomar Agusta 1946, da kwararar ƴan gudun hijira bayan raba ƙasa a 1947. Yanzu shi ne babban birnin jihar Bengal ta Yamma.

3.0 Wuraren Saɓani

3.1 Maganar Kafuwa

Shekaru da dama littattafan makaranta suna koyar da cewa Charnock ne ya kafa birnin, ana kuma ɗaukar 24 ga Agusta a matsayin ranar haihuwarsa. A kan haka ne aka yi bikin cikarsa shekara 300 a 1990. A 2001 wata ƙungiya ta zuriyar iyalin Sabarna, tare da waɗansu masana, suka kai ƙara Babbar Kotun Calcutta. Hujjarsu ita ce, ba a cewa mutum ya kafa gari alhali ya tarar da mutane a cikinsa suna saƙa, suna ciniki, suna biyan haraji.

Kotu ta naɗa kwamitin masana tarihi su biyar. Kwamitin ya nuna cewa birnin ya bunƙasa ne sannu a hankali, daga ƙauyuka da kasuwanni da suka yi ta haɗewa, don haka babu wani mutum guda da za a danganta kafuwarsa gare shi. A ranar 16 ga Mayu 2003 kotu ta yanke hukunci a kan haka: birnin ba shi da ranar haihuwa, kuma a daina kiran Charnock wanda ya kafa shi a littattafan makaranta da takardun hukuma.

Hukuncin bai share saukar 1690 daga tarihi ba. Mai riƙe da tsohon ra'ayi yana iya cewa, ba don zangon kamfanin da sansaninsa ba, da ƙauyukan nan uku ba su zama babban birni ba. Ke nan ɓangarorin biyu sun yarda da abin da ya faru. Saɓaninsu yana kan sunan da za a ba abin, wato ko ya cancanci a kira shi kafuwa.

3.2 Daren 20 ga Yuni 1756

A saɓani na biyu, adadi ne ake gardama a kai. A daren da dakarun Siraj ud-Daula suka ci sansanin, an kulle fursunoni a wani ɗan ƙaramin ɗakin kurkuku wanda sojojin Ingila suke yi wa laƙabi da Baƙin Rami. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira, John Zephaniah Holwell, ya wallafa labarin a 1758. A cewarsa an kulle mutum 146, da gari ya waye 23 kaɗai suka fito da rai. Wannan labari ya yaɗu a Ingila, aka riƙa kafa hujja da shi wajen halatta mulkin mallaka.

A wajen 1915 wani malamin makaranta Bature, J. H. Little, ya musanta labarin, yana ganin ƙirƙira ce. A 1959 masanin tarihi Brijen Gupta ya bi takardun lokacin, ya kai ga cewa abin ya faru, amma waɗanda aka kulle ba su wuce 64 ba, 21 kuma suka tsira. Ko hasumiyar tunawa da abin ma ba ta zauna lafiya ba. Wadda Holwell ya gina an rushe ta a 1821. Lord Curzon ya sa an gina wata a farkon ƙarni na 20, ita kuma aka ɗauke ta a 1940 bayan zanga-zangar da Subhas Chandra Bose ya jagoranta, aka kai ta harabar cocin Saint John, inda kabarin Charnock yake.

4.0 Yadda Ake Aikin Haɗin Gwiwa

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai idan hannaye suka yi yawa, kowa yana ja ta gefensa, jinkar ba ta hawa ɗaki. Bayanin birni kamar Kolkata yana jawo marubuta iri-iri: ɗan gari mai kishin garinsu, da ɗalibin da ya karanta tarihin a littafin Turawa, da wanda abin da ya dame shi kawai shi ne daidaita ƙa'idar rubutu. Abubuwa uku ne suke hana aikinsu watsewa.

Na farko shi ne ƙa'idoji. Dole bayani ya kawo manyan ra'ayoyi ba tare da ɗaukar ɓangare ba. Dole kowace magana da za a iya musantawa ta dogara da madogara wadda aka wallafa, wadda mai karatu zai iya komawa ya duba. An kuma hana marubuci shigo da binciken kansa, ko da kuwa yana da yaƙinin gaskiyarsa. Saboda haka, wanda ya ji labari daga bakin kakansa ba zai sa shi ba sai ya samo inda aka rubuta shi.

Na biyu shi ne shafin tattaunawa. Kowane bayani yana da wani shafi a bayansa inda marubuta suke kawo hujjojinsu kafin a taɓa jimlar da ake gardama a kai. Ba yawan masu goyon baya ake ƙirgawa ba, ƙarfin hujja ake aunawa.

Na uku shi ne tarihin gyare-gyare. Ana adana kowane gyara da lokacinsa da sunan da mai gyaran yake amfani da shi, don haka ana iya mayar da bayani yadda yake a da. Domin kada wannan dama ta zama ja-in-ja marar iyaka, a sashen Ingilishi an hana mutum soke gyaran wasu fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24, kuma idan rikici ya yi tsanani ana iya kulle shafin na ɗan lokaci.

Idan aka ɗora waɗannan ƙa'idoji a kan tarihin Kolkata, sakamakon a fili yake. Ba za a rubuta cewa Charnock ya kafa birnin a yi shiru ba, ba kuma za a cire sunansa ba. Za a faɗi saukarsa a 1690, a faɗi cewa an daɗe ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya kafa birnin, a kawo hukuncin 2003. Haka kuma za a kawo adadin Holwell da sunansa, a kawo na Gupta da sunansa. Ko a ƙananan abubuwa ana buƙatar irin wannan lura. Ƙidayar 2011 ta ba da kimanin mutum miliyan 4.5 a cikin birnin, da kimanin miliyan 14 idan an haɗa da kewayensa, don haka dole a faɗi wanne ake nufi. Sauya sunan birnin kuma bai ba marubuci izinin sauya sunan Jami'ar Calcutta ko Babbar Kotun Calcutta ba, domin sun ci gaba da amsa tsohon sunansu.

Wannan tsari yana da rauninsa. Tun da abin da aka wallafa kaɗai ake karɓa, wanda ya fi barin takardu shi ake fi ji. Kamfanin Ingila ya bar wasiƙu da littattafan lissafi masu yawa, masaƙan Sutanuti kuwa ba su bar irin wannan ba. Rashin ɗaukar ɓangare bai isa ya cike wannan giɓi ba, sai dai masana su ci gaba da tono waɗansu madogarai.

5.0 Zaɓen Kalmomi

Wikipedia tana da sashen Hausa, kuma duk wanda zai rubuta wannan tarihi da Hausa zai tarar da matsalar a cikin aikatau da ƙananan kalmomi. A dubi waɗannan jimloli:

(a) Charnock ya kafa Kolkata a 1690.
(b) Charnock ya sauka a Sutanuti a 1690.
(c) An daɗe ana ɗaukar Charnock a matsayin wanda ya kafa Kolkata.

Jimla ta (a) ta yanke hukunci. Ta (b) ta faɗi abin da kowa ya yarda ya faru. Ta (c) kuwa labarin wani ra'ayi ta bayar, ba ta ce daidai ne ko kuskure ba. Bayani mai adalci yana haɗa (b) da (c). A sake duban waɗannan:

(d) Holwell ya ce mutum 123 suka mutu.
(e) Holwell ya tabbatar da cewa mutum 123 suka mutu.
(f) Wai mutum 123 suka mutu.

"Ya tabbatar" ta sa marubuci ya goyi bayan Holwell. "Wai" ta nuna shakka, ta kuma ɓoye mai maganar. "Ya ce" ko "a cewar" su ne suka bar maganar a bakin mai ita. Haka nan kalmomi irin su "gano" da "ƙwace" da "karɓe" da "tawaye" kowace tana ɗauke da hukunci a ɓoye, domin abin da wani ya kira tawaye, wani yana kiransa yaƙin neman ƴanci.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi tarihin Kolkata daga ƙauyuka uku na bakin kogin Hugli zuwa babban birni, ta kuma nuna saɓanin da aka yi a kan kafuwarsa da kuma adadin waɗanda suka mutu a daren 20 ga Yuni 1756. An ga cewa marubuta masu ra'ayi daban-daban suna iya amincewa da bayani guda idan suka raba abubuwa uku: abin da ya faru, da abin da aka ce game da shi, da wanda ya faɗa. Ɗalibin da zai yi amfani da irin wannan kundi ya kamata ya duba madogarar kowace jimla kafin ya kwafe ta, idan kuma shi ne zai rubuta, ya auna kowane aikatau kafin ya sa shi.