Annoba

ànnōbā̀ (sn., mc.; jam. annōbōbī, daga Larabci)

1. Cuta mai saurin yaɗuwa da ke halaka jama'a da yawa a lokaci guda. Cunkoso, gurɓataccen ruwa, fatauci da yaƙi kan rura ta. Mis.: ~ ta ɓarke a gari; Baƙar ~ (1347–1351), wadda ƙumar ɓera ta yaɗa, ta kashe akalla sulusin mutanen Turai, gonaki suka rasa manoma, ladan ƙwadago ya tashi; ~r mura ta 1918 ta bi sojoji da jiragen ruwa ta game duniya; ~r korona ta sa an rufe makarantu a 2020.

2. Irin wannan cuta a dabbobi: ~ ta ƙare garken.

3. Mugun abu da ya zama ruwan dare: shaye-shaye ya zama ~.

Dubi: agana, kwalara, sanƙarau, rigakafi.