Baƙin Kwanon Rikyu da Maginan da Aka Kamo

Wanda ya fara ganin kwanon shayi na Raku zai iya ɗauka aikin ɗan koyo ne. Baƙi ne, bakinsa bai daidaita ba, ba shi da zane ko sheƙin tangaran ɗin Sin. Amma a Japan irin wannan kwano yana da suna kamar mutum, ana ajiye shi cikin akwatin katako, ana kuma kiyaye jerin waɗanda suka mallake shi.

A ƙarni na 16, lokacin da yaƙin basasa ya daidaita ƙasar, kayan shayi sun zama makamin siyasa. Oda Nobunaga ya riƙa tattara mashahuran kayan, galibi na Sin, yana yi wa sarakunan yaƙinsa tukwici da su. A wannan yanayi Sen no Rikyu, ɗan wani attajiri na birnin Sakai, ya zama jagoran sha'anin shayi a fadar Nobunaga, daga baya a ta Toyotomi Hideyoshi.

Rikyu ya juya wa kayan alfarma baya. A shekarun 1580 ya sa wani magini a Kyoto mai suna Chojiro ya yi masa kwanon da ya dace da ra'ayinsa na wabi, wato ganin kyau a cikin ƙanƙan da kai da rashin cika. Chojiro bai ɗora yumɓun a faifai mai juyawa ba. Da tafin hannu ya gina shi, ya kankare, sannan aka zaro shi daga wuta yana ja zur. Yumɓun bai yi tauri ainun ba, don haka zafi ba ya saurin ratsa shi, mai sha yana rungumar kwanon da hannu biyu ba tare da ya ƙone ba. Koren shayin da aka kaɗa kuwa ba ya fitowa fes kamar yadda yake yi a cikin baƙin kwano.

Hideyoshi, wanda ya sa aka ƙera masa ɗakin shayi na zinariya, bai daɗe da jure wa wannan mutum ba. A 1591 ya umarce shi ya kashe kansa. Cikin laifukan da aka ɗora masa har da tsauwala farashin kayan shayi.

Sashen da masu yabon kwanukan suka fi tsallakewa ya zo bayan shekara guda. Hideyoshi ya kai wa Koriya hari a 1592, ya sake a 1597, yaƙin bai ƙare ba sai da ya mutu a 1598. Sarakunan yaƙinsa sun komo da maginan tukwane na Koriya, da yawansu a matsayin kamammu. Gidan Mori ya zaunar da nasa, aka sami tukwanen Hagi. Gidan Shimazu ya sami na Satsuma. A Arita, Yi Sam-pyeong ake dangantawa da soma yin tangaran a farkon ƙarni na 17.

Masana shayi a Japan suna jera Raku a farko, Hagi na biyu, Karatsu na uku. A ganina jerin ya faɗi fiye da abin da suke nufi, domin biyun ƙarshe duk da hannun Koriyawa suka bunƙasa. Gidan Raku yana kan magaji na 16 a Kyoto. A Kagoshima kuma zuriyar ɗaya daga cikin waɗanda aka kamo a 1598 tana gina tukwane har yau, magaji na 15 yana amsa sunan Chin Jukan.