Matan da Aka Ambata a Huɗuba: Sarautar Mata a Daulolin Musulunci na Da

A daulolin Musulunci na da, abu biyu ne ke tabbatar da sarki: a ambaci sunansa a huɗubar Juma'a, a kuma buga shi a jikin dinari da dirhami. Da waɗannan ne talakan da ke sahun baya a masallaci da ɗan kasuwar da ke ƙirga cinikinsa suke sanin mai ƙasa. Mafi yawan malaman fiƙihu sun sanya zama namiji cikin sharuɗɗan halifanci, kuma ba a taɓa naɗa mace halifa ba. Duk da haka, akwai matan da liman ya yi wa addu'a da suna a kan mumbari, akwai kuma waɗanda aka zana laƙabinsu a zinariya.

Abin da aka fi sabawa da shi shi ne mulki daga bayan labule. Khaizuran, mahaifiyar Haruna Rashid, ta shigo fadar Abbasiyawa tana baiwa, ta kai har manyan Bagadaza na yin layi a ƙofarta. Sittul Mulk ta riƙe daular Faɗimiyawa a Misira bayan ɗan'uwanta Halifa Alhakim ya ɓace a 1021, har ta rasu a 1023. Irin waɗannan suna zartar da hukunci, amma da sunan ɗa ko miji ko ɗan ɗan'uwa.

A Yaman ne al'amarin ya fito fili. Asma'u 'yar Shihab, matar Aliyu Sulaihi wanda ya kafa daular Sulaihiyawa, takan zauna a majalisa fuskarta a buɗe, ana kuma haɗa sunanta da na mijinta a huɗuba. A hannunta wata marainiya mai suna Arwa ta tashi, ta auri ɗan Asma'u, Almukarram Ahmad. Da ciwon shanyewar jiki ya kama shi, sai ya miƙa wa matarsa ragama. Arwa ta ɗauke babban birni daga San'a zuwa Jibla, garin da ke tsakiyar tsaunuka masu albarkar noma, ta kuma shirya tarkon da ya halaka Sa'idu ɗan Najah na Zabid, wanda ya kashe surukinta Aliyu. Halifan Faɗimiyawa Almustansir ya ba ta muƙamin hujja, matsayi babba a tsarin da'awar Isma'iliyya wanda ba a san wata mace da ta riƙe shi kafin ita ba. Ta yi fiye da shekara 50 tana mulki, ta rasu a 1138, aka binne ta a masallacin da ta gina a Jibla, wanda har yau ake salla a cikinsa. Ta daɗe ne domin ta haɗa ikon fada da na addini, ta kuma iya zama da shugabannin ƙabilu.

Ƙarni na 13 ya zo da gidajen sarautar Turkawa da Mangolawa, waɗanda al'adarsu ta makiyaya ta ba matan fada ƙima. A Kirman ta ƙasar Farisa, Kutlugh Turkan ta yi mulki daga 1257 zuwa 1282. A Delhi kuwa, Sultan Iltutmish ya ga 'yarsa Raziyya ta fi 'ya'yansa maza hankali. Da ya rasu a 1236, fadawa suka ɗora ɗan'uwanta Ruknuddin, wanda ya shagala da holewa ya bar wa uwarsa mulki. Raziyya ta kai kukanta ga jama'ar da suka taru ranar Juma'a, mutanen gari suka mara mata baya, aka naɗa ta. Daga baya ta ajiye lulluɓi, ta sa riga da hula irin ta sarakuna, tana fita a kan giwa kowa na ganinta. Abin da ya fi ƙona ran manyan Turkawa shi ne yadda ta ɗaukaka Yakut, Bahabashe, ta ba shi shugabancin bargar dawakin fada. Suka yi tawaye, aka kashe Yakut, aka kama ta. Ta auri Altuniya, gwamnan da ya tsare ta, suka tunkari Delhi tare, aka ci su da yaƙi, aka kashe su a 1240. Masanin tarihi Juzjani, wanda ya yi zamani da ita, ya yaba adalcinta da iliminta, ya nuna cewa kasancewarta mace ne kawai mutanen lokacin suka riƙe a matsayin aibi.

Bayan shekara tara, Misira ta shiga tsaka mai wuya. Sarkin Faransa Luwis na Tara ya kama Dimyaɗ, rundunarsa ta nufo Alƙahira, sai Sultan Salihu Ayyub ya rasu a sansanin Mansura a watan Nuwamba 1249. Matarsa Shajaratud Durr, wadda ya saya tana baiwa ya 'yanta ta bayan ta haifa masa ɗa Khalil, ta ɓoye rasuwar. Aka fitar da gawar a asirce ta kogin Nilu. Kullum ana kai akushi ɗakin sarki kamar yana kwance ba lafiya, takardun umarni na fita da sa hannunsa, sojoji na tsaye a bakin daga ba su san komai ba. Wannan dabara ce ta riƙe rundunar har Mamluka, wato sojojin bayi na sultan, suka karya Faransawa a lungunan Mansura, aka kama Luwis kansa a watan Afrilu 1250.

Turanshah, magajin da aka kira daga nesa, ya raina waɗanda suka yi yaƙin, suka kashe shi a watan Mayu, suka naɗa Shajaratud Durr. Aka yi huɗuba da sunanta, aka buga kuɗi da laƙabinta na sarauniyar Musulmi, uwar Khalil. Sarakunan Ayyubawa na Sham suka ƙi yarda, an kuma ruwaito cewa Halifa Almusta'asim ya aiko daga Bagadaza yana yi wa manyan Misira gorin rashin namiji a cikinsu. Bayan kimanin kwana 80 ta sauka, ta auri kwamanda Aibak, aka ba shi sunan sultan, ita kuwa ta ci gaba da juya al'amura shekara bakwai. A 1257 ta ji yana neman auren 'yar sarkin Mausil, ta sa aka kashe shi a wurin wanka. Ba a jima ba ita ma aka kashe ta, aka jefo gawarta daga ganuwar fada.

Daular Mamluka da ta buɗe wa ƙofa ta ɗore har 1517. Hubbarenta na nan a Alƙahira kusa da na Sayyida Nafisa, kuma a mihrabinsa an ƙawata hoton bishiya da ƙananan gilasai masu ruwan zinariya, 'ya'yanta na ƙyalli kamar lu'ulu'u, daidai da ma'anar sunanta, bishiyar lu'ulu'u.