Shiga da Sharaɗi, Fita da Dalili: Tarihin Zama Ɗan Ikilisiya daga Tsibirin Gobir zuwa Ƙasar Arewa

Gabatarwa

Ƙidayar jama'a da aka yi a Jamhuriyar Nijar a shekarar 2012 ta nuna cewa Kiristocin ƙasar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Mai ƙidaya yana tambayar mutum addininsa ne, ya rubuta abin da ya faɗa. Ikilisiya kuwa tana da nata littafin, kuma ba kowa ne ke shiga cikinsa ba. Tsakanin waɗannan littattafai biyu akwai mutanen da suka yarda da Almasihu, suka yi shekaru suna zuwa sujada, amma sunansu bai taɓa hawa rajista ba, ko kuwa ya hau aka soke. Wasunsu sun haƙura, wasu sun sauya majami'a, wasu sun juya baya gaba ɗaya. Wannan maƙala za ta bi diddigin sharuɗɗan da suka jawo haka, inda suka samo asali, da kuma yadda suka yi karo da zaman gidan Ba'are a gundumomin Dogondutsi da Tibiri na jihar Doso.

Ƙasar Arewa kafin zuwan rajista

Ƙasar Arewa tana shimfiɗe ne a bakin Dallol Mawri. Masana tarihinta, irin su Marc-Henri Piault wanda ya wallafa Histoire Mawri a 1970, sun bambanta Gubawa masu riƙe da al'amarin ƙasa da iskokinta, da Arawa masu riƙe da sarauta. Lugu ita ce mazaunin Sarauniya, Bagaji kuma ta Baura. A Lugu ne Sarauniya Mangu ta tari rundunar Voulet da Chanoine ranar 16 ga Afrilu, 1899.

A addinin Azna ba a neman shiga, gadonsa ake yi. Wanda aka haifa a gida ya gāji iskokin gidan da yankan da ake yi musu. Bori yana da girka, wadda ke mayar da mutum dokin iska, amma ba ta raba shi da matansa ko danginsa. Da Musulunci ya yaɗu sosai a yankin cikin ƙarni na 20, shi ma ya zo da ƙofa mai faɗi: kalmar shahada tana shigar da mutum, karatu da gyaran hali su biyo baya. Adeline Masquelier, wadda ta yi bincike a Dogondutsi tun ƙarshen shekarun 1980, ta nuna yadda salla da bori suka daɗe suna ja-in-ja a gari ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya. A irin wannan ƙasa ne mishan ta zo da tsari na uku, wanda ake fara gwada mutum kafin a karɓe shi.

Asalin sharuɗɗan

Sharaɗin da ya fi kowanne nauyi shi ne na mace ɗaya, kuma ba a Nijar aka ƙirƙiro shi ba. A 1857 Henry Venn, sakataren ƙungiyar mishan ta CMS a Ingila, ya rubuta takardar da ta hana yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma. Bishop John Colenso na Natal, a kudancin Afirka, yana da ra'ayi dabam, domin a ganinsa tilasta wa miji ya kori matarsa zalunci ne a kanta da ƴaƴanta. Babban taron bishop-bishop na Angilika da aka yi a Lambeth a 1888 ya bi bayan Venn: a ci gaba da koyar da irin wannan magidanci, amma kada a yi masa baftisma sai ya rage mace ɗaya. Matan kuwa, tun da kowaccensu miji ɗaya gare ta, an bar wa kowane yanki ya duba lamarinsu.

Ba a daɗe ba aka ga sakamakon a Legas. A 1891 aka kafa United Native African Church, wadda ta karɓi masu mata da yawa. A 1917 cocin Methodist na Legas ya kori wasu manyan mabiyansa saboda wannan dalili, su kuma suka kafa nasu cocin kusa da kasuwar kifi, har aka yi masa laƙabi da Eleja, wato na masu kifi a Yarabanci. Waɗannan mutane sun fita da Littafinsu da waƙoƙinsu da ranar Lahadinsu. Rajista kawai suka bari a baya.

Daga Tsibiri zuwa Dallol

Ƙungiyar Sudan Interior Mission, wadda aka fi sani da SIM, ta samo asali ne daga tafiyar da Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka yi zuwa Legas a 1893. Ta shigo Nijar ta Damagaram a 1924, sannan ta buɗe tashar Tsibiri kusa da Maraɗi a 1927. Ya kamata mai karatu ya lura cewa Tibiri biyu ce a taswirar Nijar: akwai ta Gobir, wadda Hausawa ke kira Tsibiri, akwai kuma ta Arewa, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. A ta Gobir ne aka fara gina tsarin ikilisiya, daga baya ya bi ma'aikatan mishan da masu bishara zuwa yamma, har Dogondutsi da Gesheme. Asibitin Galmi, wanda aka buɗe a 1950, yana kan hanyar da ta haɗa sassan biyu.

SIM ba ta yi wa jarirai baftisma. Baligi ake nitsarwa cikin ruwa bayan ya ba da shaidar tubansa a gaban jama'a. Kafin nan sai ya zauna ajin masu neman baftisma, a ga halinsa, a tabbatar ya rabu da tsafi da layu da giya, a kuma tabbatar aurensa ya dace da ƙa'ida. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, koyon karatun boko ya zama babban ɓangare na wannan shiri, domin ana son mai bi ya karanta da kansa. Barbara Cooper, a littafinta na 2006 kan Kiristocin yankin Maraɗi, ta keɓe babi guda ga shekarun 1933 zuwa 1955, lokacin da aka tsayar da ko wane ne dattijon ikilisiya, mene ne auren Kirista, kuma yaya ake horo. Horo shi ne a dakatar da mai laifi daga jibin Ubangiji da riƙe muƙami na wani lokaci, in ya ƙi tuba a cire shi. Hujjar da ake kafawa da ita a kan aure tana cikin wasiƙun Bulus zuwa ga Timoti da Titus, inda aka zayyana halayen shugaban ikilisiya. Masu suka sun daɗe suna cewa sharaɗin shugabanci ne aka mayar da shi sharaɗin shiga.

Cocin Katolika, wanda shi ma yake da mishan da makaranta a Dogondutsi, yana da nasa dogon zangon koyarwa kafin baftisma, kuma bai yarda da aure fiye da ɗaya ba. Sai dai yawancin mabiyansa na farko a Nijar baƙi ne daga Dahomey da Togo, makarantunsa kuma suna karɓar ƴaƴan Musulmi ba tare da neman su sauya addini ba.

Inda gizo ke saƙa

A ƙauyen da ake noman hatsi a gandu, yawan mata da ƴaƴa shi ne ƙarfin gida, aure kuma igiya ce tsakanin dangi biyu. Magidancin da bishara ta iske shi da mata biyu yana da zaɓi uku, kuma babu mai daɗi a ciki. Zai iya sakin ɗaya, ya mayar da uwar ƴaƴansa gidan iyayenta ba tare da ta yi laifi ba, ya ɓata da surukai. Zai iya zama a bencin baya har tsufa, yana jin wa'azi, yana ba da baiko, ana miƙa ƙoƙon jibi ana tsallake shi, ƙila ma matansa da ƴaƴansa su sami baftisma shi bai samu ba. Ko kuwa ya tashi ya tafi. Masallaci yana nan kusa, kuma ya halatta masa har mata huɗu.

Sharaɗin ya fi cizon mata. Wadda aka saka domin mijinta ya shiga rajista ita ce ta biya kuɗin shigarsa. Yarinyar da ta tashi a ikilisiya ƙarama takan rasa saurayi Kirista, in ta auri Musulmi kuma ta faɗa cikin horo. Haka nan mijin da matarsa ba ta haihu ba yakan sha matsin dangi ya ƙara aure, ranar da ya ƙara kuwa ya sauka daga kowane muƙami. Tsohon da idonsa ya yi rauni ya kasa koyon baƙi da wasali, shi ma yana iya daɗewa a aji yana kallon jikokinsa suna wuce shi.

Adalci ne a ji ta bakin dattawan da suka tsare ƙofar. Jama'a ce ƴar kaɗan a tsakiyar maƙwabta masu sa ido, waɗanda ke zargin cewa Kirista mashayi ne marar tsarki, ko kuwa magani da abincin Bature ne suka jawo shi. Tsananin sharaɗi shi ne amsarsu ga wannan zargi. Sun kuma ga cewa dokar mace ɗaya tana kare uwargida daga kishiya da saki, kuma mata da yawa sun riƙe ta da hannu biyu saboda haka. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, dattawan kuwa tsoron tsagewar suke yi.

Lokacin da ƙofofi suka yawaita

A farkon shekarun 1960 ikilisiyoyin da SIM ta dasa suka haɗu a ƙarƙashin sunan Église Évangélique de la République du Niger, wato EERN. Muddin ita kaɗai ce a gari, horo yana da kaifi, domin wanda aka dakatar ba shi da wata majami'ar da zai je. Wajen 1990 ƙungiyar ta rabu uku: EERN, da UEEPN, da Ikilisiyar Salama. Rigimar shugabanci da dukiya da bambancin yankuna ce ta haddasa rabuwar, amma ta taɓa zancen rajista kai tsaye. Babban Taron Ƙasa na 1991 ya buɗe hanyar kafa ƙungiyoyi, sai majami'un Fentikos irin su Vie Abondante suka bunƙasa, galibi da tasirin Najeriya. A can mutum yakan fito gaba a ranar da wa'azi ya taɓa shi, a yi masa addu'a, a ɗauke shi ɗan'uwa nan take. Su ma ba su halatta ƙarin aure ba, sai dai sun gajarta jira, sun kuma bai wa matasa da mata murya. Daga nan wanda aka sa wa horo a wannan unguwa yana iya yin sujada a waccan ranar Lahadi mai zuwa.

Abin lura shi ne, a daidai wannan zamani ƙofar Musulunci a Dogondutsi ta fara samun masu gadi. Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta iso garin da tambayar wane ne Musulmi na ƙwarai, har aka kai ga raba masallatai, kamar yadda Masquelier ta bayyana a littafinta na 2009. Ashe tambayar wa ke ciki, wa ke waje, ba ta addini ɗaya ba ce.

A faɗin duniya ma an sake duba tsohon hukunci. Cocin Lutheran na Laberiya ya yarda da baftismar masu mata da yawa tun 1951. Kundin dokokin Katolika na 1983, a doka ta 1148, ya ce wanda ya karɓi baftisma ya zauna da mace ɗaya, ba lallai ta farko ba in hakan ya yi masa wuya, kuma wajibi ne a kula da bukatun sauran bisa adalci. Taron Lambeth na 1988, shekara 100 cif bayan na 1888, ya amince a yi wa irin wannan magidanci baftisma tare da matansa da suka ba da gaskiya, in ya yi alkawarin ba zai ƙara ba, jama'ar wurin suka yarda, kuma kada a tilasta masa sakin kowa. Abin da Colenso ya faɗa aka ƙi, shi aka dawo aka ɗauka, bayan gidaje masu yawa sun riga sun watse.

Kammalawa

Tarihin ikilisiya a ƙasar Hausa yawanci ana rubuta shi ne daga rajistar baftisma da rahoton ƴan mishan, saboda haka wanda ya tsaya a bakin ƙofa ko ya fita ba ya samun layi ko ɗaya. Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu na Arewa suna da damar cike wannan giɓi tun dattawan da suka ga zamanin mishan suna da rai: a nemi tsofaffin littattafan zaman dattawa a adana su, a ji ta bakin matan da aka saka da ƴaƴansu, a ji ta bakin fastocin da suka yanke hukuncin, tare da kiyaye sirrin kowa. Darasin ya shafi ƙungiyoyin su kansu, tun da kowaccensu tana da kati da kuɗin wata da dokar kora. Duk sharaɗin da za a gindaya, ya kamata a fara tambayar wa zai biya kuɗinsa, domin a wannan tarihi sau da yawa mai biyan ba ya cikin ɗakin da aka yanke shawarar.