Hirta, kufai a tsakiyar teku

Mai karatu, ka san kufai. To, yau za mu kai ka wani kufai da ke tsakiyar teku. Sunansa Hirta. Tsibiri ne, watau ƙasa wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina. Yana yamma da ƙasar Sikotilan, maƙwabciyar Ingila. Turawa suna ce wa wurin San Kilda.

Jirgin ruwa zai kai ka cikin kusan awa 3, in iska ta yarda. Daga bakin ruwa sai tafiyar ƙafa. Za ka tarar da layi guda na ɗakunan dutse, yawancinsu ba rufi, tumaki suna kiwo a bakin ƙofa. In ka hau tudu, ko'ina ka duba ƙananan rumbuna ne na dutse, sun fi 1200. Amma ba hatsi suka fi zubawa ciki ba. Naman tsuntsu ne da ƙwai.

Ƙasar ba ta da kirki wajen noma, tsuntsayen teku ne abincinsu. Mutum yakan ɗaura igiya a ƙugu, ya sauka jikin dutse mai tsawon gaske, teku na ƙarƙashinsa, ɗan'uwansa na riƙe da igiyar daga sama. Kowace safiya maza su taru a kan layin, su shawarta aikin ranar. Abin da aka kamo, a raba wa gidaje. Ka ga aiki ne na hannu da yawa.

Hannun ne ya yi ta raguwa. A shekara ta 1697 mutanen garin wajen 180 ne. A 1852 mutum 36 suka tafi Ostireliya, da yawa suka mutu a hanya. Ciwon sandarewa ya riƙa kashe jarirai tun ba su yi kwana 10 ba. Samari kuma suka ga duniya, wanda ya fita bai cika komowa ba. Wa zai riƙe igiya ke nan?

Ba wanda ya kore su. Su da kansu suka rubuta wa gwamnati takarda, suka roƙi a kwashe su. Ran 29 ga watan Agusta 1930 jirgi ya ɗauki mutum 36 da suka rage. An kai yawancinsu wani wuri da ake kira Morben, aka ba mazan aikin dashen itatuwa, su da ko itace ɗaya babu a tsibirinsu.