Fitilar Da Ta Buɗe Wa Hoto Ƙofar Dare

A cikin akwatin mahaifiyata a Maraɗi akwai hotunan bikinta goma sha ɗaya. Goma da rana aka ɗauke su. Ɗaya ne kacal na dare, daren kai amarya: fuskokin da ke gaba sun yi fari fat, na baya kuwa duhu ya haɗiye su. Kakata tana cikin na bayan, kuma ba mu da wani hotonta. Abin da ya sa ke nan, ko da yake sana'ata ta murya ce a gidan rediyo, na shiga bin tarihin fitilar hoto, wadda masu sana'ar ke kira filash.

Da fari, dare ya gagari kyamara. Sai a 1887 wasu Jamusawa biyu, Adolf Miethe da Johannes Gaedicke, suka haɗa garin magnesiyam da ke kamawa fau kamar albarushi. Yana da haske, amma ga hayaƙi ga ƙuna. Da shi ɗan jarida Jacob Riis ya shiga ɗakunan talakawan New York, ya fito da littafinsa a 1890. Wajen 1930 aka kulle wutar cikin ƙwan gilashi: ƙwai ɗaya, hoto ɗaya, a jefar. Daga baya binciken Harold Edgerton a Amurka ya share fage ga fitilar lantarki mai haskawa sau dubbai.

A Bamako ake ganin bambancin ƙarara. Seydou Keïta ya fi dogara da hasken rana a tsakar gidansa, shi ya sa mutanensa suke zaune tsaf cikin ado. Malick Sidibé kuwa ya rataya fitila ya bi matasa wuraren rawa a shekarun 1960. Ba don fitilar nan ba, da daren Bamako na farkon 'yancin kai ya tsaya a bakin masu ba da labari.

Cikin fitilun da suka yi tashe daga shekarun 1970, biyu sun isa misali: Vivitar 283 da Metz 45 ta Jamus. Vivitar ƙarama ce, a kan kyamara ake ɗora ta, batir huɗu take ci, farashinta da sauƙi. Metz doguwa ce mai mariƙi kamar guduma, a gefen kyamara ake ɗaura ta, batir shida take ci, ga nauyi ga tsada. Ana auna ƙarfinsu da wata lamba: ta Vivitar kusan 36, ta Metz 45, a fim mai ISO 100. Idan mai hoto ya sa ƙofar gilashi a kan 8, sai ya raba lambar da 8: Vivitar ta kai mita huɗu da rabi, Metz ta haura biyar da rabi. Mita ɗaya ba wani abu ba ne a takarda, amma a tsakar gidan biki sahu guda ne na mutane.

Wani tsohon mai hoto da na yi hira da shi a shirina ya ƙara mini bayani. Ya ce haske in ya ninka tazara, kashi ɗaya cikin huɗu ne ke saura. Kuma fitilun suna da ɗan ido mai katse wuta da zarar na gaba sun samu rabonsu. Wato na kusa su ƙoshi, na nesa su kwana da yunwa.

A bikinmu kuwa, wa ke zama nesa? Iyaye mata, saboda kunya da kawaici. Na nuna wa tsohon hoton, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "'Yata, da mai hoton ya ƙara taku biyu, da yau kin san fuskar kakarki."