Daga Samaru Zuwa Kufena: Yini Guda A Mota Cikin Tarihin Zazzau

Akwai ɗaliban da kan shafe shekara huɗu ko biyar a Samaru, su karɓi digiri su koma garuruwansu, ba su taɓa tsayawa a ƙofar fadar Zazzau ba. Akwai 'yan kasuwar da aka haifa a Sabon Gari, har sun aurar da 'ya'ya, amma iyakar saninsu da Kufena shi ne dutsen nan da ake hangowa daga hanyar Kaduna. Alhali tsakanin babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello da tsakiyar birni bai kai kilomita 20 ba. Duk wanda ya ɗauki shatar mota tun da sassafe, ya samu mutumin da ya san gari ya zauna gaba kusa da direba, zai ratsa tarihin kusan shekara 500 kafin magariba. Hanyar ma da kanta ta tsara tafiyar, domin wanda ya taso daga Samaru da sabon zamani zai fara, a ƙarshe kuma ta mayar da shi can baya.

Ɗan jagoran shi ne ginshiƙin tafiyar. A Zariya da wuya ka ga allo a jikin tsohon gini yana gaya maka wanda ya gina shi da shekarar da aka yi. Labarin yana bakin mutane: dattawan unguwa, fadawa, tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa, malaman tarihi na jami'a da ɗalibansu. Direba zai tambaye ka, "Alhaji, ina muka nufa?" In ba ka da mai amsa masa, za ku zagaya gari ku ƙona mai, ku dawo da hotunan bango.

Samaru ta girmi jami'ar da ta yi mata suna. A 1922 Turawa suka kafa tashar binciken aikin gona a nan, hankalinsu na kan auduga da gyaɗa, amfanin da masana'antun Ingila ke jira. Wannan tasha ce ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta yau, wadda irin gyaɗa da dawa da masara da wake da ta fitar ya bazu a gonakin Arewa. Daga baya aka buɗe Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya, inda a 1958 wasu ɗaliban zane, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta ƙi yarda zanen ɗan Najeriya ya zama kwaikwayon na Bature kawai. A harabar wannan kwaleji aka buɗe jami'a ranar 4 ga Oktoba, 1962, Sardauna Ahmadu Bello ne ubanta na farko. Awa ɗaya ta isa a ga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da filin sassaƙe-sassaƙen ɗaliban zane. Sai dai ɗan jagora nagari ba zai bari a tashi ba sai ya faɗi cewa masu tonon ƙasa na jami'ar sun gano wuraren narkar da tama a yammacin Samaru, shaidar maƙera sun yi aiki a nan ƙarnuka da yawa kafin a aza tubalin aji na farko.

Daga nan sai a hau hanyar Sakkwato a nufi gari. Palladan na gefen hanya, da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964, sai Kwangila, sai a gangara PZ, unguwar da har yau take amsa sunan kamfanin Paterson Zochonis. Barikin horar da sababbin sojoji na nan tun 1924, makarantar sojoji ta yara kuma tun 1954.

A Sabon Gari ya kamata a kashe mota a sauka, kuma tashar jirgin ƙasa ce wurin farawa, don ita ta haifi garin. Layin dogo da aka taso da shi daga Baro ya iso Zariya ya wuce Kano a 1911, shekara ta gaba kuma aka haɗe shi da na Legas. Nan da nan Zariya ta zama mararraba. Ƙaramin jirgin Bauci ya fara tashi daga nan, ya isa tudun Jos a 1914 don kwaso kuza, ya yi ta wannan jigila har aka rufe layin a 1957. Wani reshen ya yi yamma, ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Kaura Namoda a 1929. Kamfanin audugar Ingila ya kafa injin gurza kusa da dogo, kantunan Turawa suka jeru. Duk wannan aiki na bukatar akawu da makanike da mai buga waya da lebura, sai mutane suka kwararo daga ƙasar Yarabawa da ta Inyamurai da Nupe, har da Saliyo da Gana. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta so su cakuɗa da mutanen birni, sai ta yanka musu fili ta ja tituna a miƙe, ta bar su ƙarƙashin dokar Bature. Ta kuma ware Tudun Wada don 'yan Arewa waɗanda ba Zage-zagi ba. Wannan rarrabuwa da gangan aka yi ta, kuma har yau ana jin ta a yadda mutumin Sabon Gari kan ce "zan shiga birni" tamkar wata ƙasa zai je.

Wanda ya ratsa titunan da ƙafa zai ga tsofaffin gidajen ma'aikatan reluwe, da rumbunan ajiyar kaya masu rufin kwano mai tsatsa, da coci-coci da masallatai kusa da juna. Babu wanda ke kiran waɗannan kayan tarihi, shi ya sa ake rushe su a gina shaguna ba tare da kowa ya ɗaga kai ba. A ganina kuskure ne babba. Ginin da ya haura shekara 100, wanda ta ƙofarsa auduga da gyaɗar talakan Zazzau suka bi suka tafi Turai, yana da labarin da ya cancanci a adana shi.

Da an haye gadar Kubanni an shiga Tudun Wada. Kafin a fuskanci birni, a karkata zuwa Tukur-Tukur, inda kamfanin Gaskiya yake tun 1945. Duk mai karatun boko da Hausa yana da alaƙa da wannan wuri ko bai sani ba. Hukumar Talifi da Rupert East ya jagoranta a Zariya ita ta shirya gasar rubutun littattafai ta 1933 wadda ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. A Zariya Abubakar Imam ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, kuma a watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo yana editanta na Hausa. Kwalejin Barewa na kan titi ɗaya da kamfanin Gaskiya. A Katsina aka kafa ta a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta zauna a Zariya a 1949, kuma a nan Yakubu Gowon da Murtala Muhammad suka yi karatu.

Sai Ƙofar Doka. A nan ɗan jagora zai ce wa direba ya rage gudu, don ganuwa ba ta nuna kanta ga mai sauri. Da'irarta ta kai kimanin kilomita 15, ƙofofinta takwas, cikinsu akwai Kuyambana da Gayan da Kona da Bai da Jatau da Galadima. Mutanen gari na danganta ta da Sarauniya Amina 'yar Bakwa Turunku, kuma an fi sanya zaman Bakwa wajen 1536. Masu bincike sun nuna ba a zamani ɗaya aka gina ta ba, sarakuna ne suka yi ta ƙari da faɗaɗawa. Abin da ya rage yau tsibi-tsibi ne na jar ƙasa. Wani wuri an ɗebe ta an yi tubali, wani wuri gida ya hau kanta, wani wurin kuma ya zama juji. Duk da haka akwai sassan da in ka tsaya a gindinsu za ka gane irin taron jama'ar da aka yi gayya kafin a tayar da wannan bango, da irin tsoron mahara da ya sa aka yi shi.

Fada ba wurin da ake faɗawa da kyamara a hannu ba ne. A nan amfanin ɗan gari ke fitowa fili: shi zai yi sallama da dogarai, ya nemi iso, ya gaya maka inda za ka tuɓe takalmi da inda za ka durƙusa ka ce "Allah ya ja zamanin sarki." A ƙofar fadar nan ne tarihin 1808 ke da daɗin ji. A shekarar Malam Musa, mai tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya shiga birni, Sarki Muhammadu Makau ya fita da jama'arsa ya yi kudu zuwa Zuba. Ɗan'uwansa Abu Ja ne ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yau ake kira Suleja bayan babban birnin tarayya ya karɓi sunan. Tun daga nan sarautar Zazzau ke zagayawa tsakanin gidaje huɗu: Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Turawa sun shigo a 1902, suka cire Sarki Kwasau, daga baya suka cire Aliyu Ɗansidi, sarki kuma mawallafin waƙoƙi, dukansu aka kai su Lakwaja. Bayan Ɗansidi gidan Mallawa bai sake hawa ba sai bayan kusan shekara 100, lokacin da aka naɗa Ahmad Nuhu Bamalli a Oktoban 2020, bayan rasuwar Shehu Idris wanda ya yi shekara 45 a kan gado.

Dab da fada Masallacin Juma'a yake, kuma a nan zuciya ke yin nauyi. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Da tubali da azara da ƙasa kawai ya tayar da ginshiƙai masu kauri, ya lanƙwaso bakan gizo daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, ya ɗora tulluwa a kansu, ya ƙawata jikin ginin da zane mai tudu. Masana gine-gine daga ƙasashen waje sun zo sun auna shi sun zana shi, ana koyar da shi a matsayin ƙololuwar ginin Hausa. A shekarun 1970 aka lulluɓe shi da sabon gini na siminti, tsohon ya zauna a ciki. Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar la'asar wani sashe ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka da dama. Allah ya jiƙansu da rahama. An kafa asusun sake gina masallacin, amma wanda ya je yau ba zai ga abin da na gabansa suka gani ba. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe da duban magina kowace shekara kafin damina, kuma wannan sani a hannun mutane yake. Shi ya sa nake ganin bai kamata a bar birni ba sai an leƙa unguwar Babban Gwani, inda sunan maginin ya zauna har yau, a nemi dattawan magina a gaishe su, a tambaye su yadda ake jera azara da yadda ake haɗa makuba. Tambayar baƙo da ɗan abin goro da ya ajiye suna nuna wa yaran gidan cewa sana'ar kakanninsu na da daraja.

Bayan azahar sai a fita ta yamma a nufi Wusasa. Likita Walter Miller na mishan ya zauna cikin birni tun 1905, sai a 1929 aka mayar da mishan ɗin nan bayan gari. Cocin St. Bartholomew da aka gina a lokacin da ƙasa aka yi shi, da fasalin ginin Hausa, kuma wanda ya fito daga birni zai gane hannun magina iri ɗaya ne. Miller na cikin waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aka buga shi a 1932. Makarantar mishan ce ta yaye R.A.B. Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa, da Ishaya Audu, ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. A Wusasa kuma Gowon ya tashi. Ƙaramin gari ne, amma tarihin ilimin boko a Arewa ba ya cika in babu shi.

Kufena na tsaye a bayan Wusasa, kuma gara a isa gindinsa rana ta yi sanyi. Mota a ƙasa za ta tsaya, sauran aikin na ƙafa ne, don haka a zo da ruwa da takalmi mai kama dutse, a kuma nemi ɗan unguwa ya yi gaba. Dutsen na cikin jerin wuraren tarihi da gwamnatin tarayya ta ayyana. A kewayensa akwai ragowar tsofaffin ganuwoyi, alamar an yi gari a nan, kuma labaran baka na sanya Kufena cikin mazaunan sarakunan Zazzau kafin birnin yanzu. Daga sama ana ganin birni da Tudun Wada da Sabon Gari a shimfiɗe, a gane dalilin da ya sa magabata suka zaɓi wurin, domin babu rundunar da za ta tunkaro ba a hango ƙurarta ba.

Turunku, inda aka ce Bakwa ta zauna, tana can kudu a ƙaramar hukumar Igabi, kuma ba ta shiga yini ɗaya da waɗannan. Wanda ya matsa sai ya haɗa su, dare zai yi masa a hanya, ga direba ya ƙara kuɗin shata. Gara a sauko daga dutse da sauran haske, a bi ta Ɗanmagaji a hau babban titi zuwa Kwangila, a yi ciniki da direban tun a mota kan ranar da za a ware wa Turunku ita kaɗai.